Makullin da Ya Bi Ni Masar

Tun kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan wannan labari ni ne. Ba Modu ba ne, duk da ya cuce ni. Ba ɗana Sule ba ne, duk da shi ya ja ni. Ni ne, Alhaji Garba, wanda direbobin tirela na Potiskum suke kira Ba-Ribas, saboda a zamanina ba a taɓa ganin na juya mota don na ɓata hanya ba. Bokona ya tsaya a aji huɗu na firamare, ranar da na ga wata babbar mota tana lodi a kasuwar shanu, na ajiye littafi na bi ta. Don haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da sitiyari.

Abin da ya kai ni ƙasar waje ƙaramin abu ne, in ni za a tambaya. Na je ta'aziyya Mamudo da 'yar ƙaramar motata. Mamudo kuwa ko akuyar Potiskum ta san ta: ka hau titi, ka fuskanci yamma, ka iso gida kafin shayi ya huce. Ni da na fito sai na fuskanci gabas. Ban san na yi haka ba sai da na tsinci kaina a Damagum, a gefen titi, inji yana aiki, ina kallon masu sayar da rake, ina tambayar kaina me na zo yi nan. Ban tambayi kowa hanya ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kai shanu Legas ba ya leƙo da kai ta taga ya ce ina hanyar Potiskum. Na zauna har la'asar ta yi sanyi, sai wani tsohon yaron motata, wanda shi ma yanzu ya yi furfura, ya gane ni, ya shiga ya kawo ni gida.

Na tarar da matata Hajiya zaune a bakin ƙofar zaure, abin da ba ta taɓa yi ba. Mutuniyar Fika ce, su kuwa ba sa ɓarnar magana. Ta dube ni, ta tashi ta shige ciki. Washegari Sule ya iso daga Damaturu, ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, ya miƙa hannu ya ɗauke makullin motata daga kan tabarma, shi ma da ladabi. A ranar na ji ashe an daɗe ana tara mini laifi: wai nakan tambayi ko an ba tumaki ruwa har sau uku kafin azahar, wai na taɓa ba jikata kuɗin makaranta na dawo ina neman wanda ya sace su.

Likitan da Sule ya kai ni wajensa ya ce yana so a ɗauki hoton ƙwaƙwalwata, domin akwai na'urar da take nuna ko mantuwar tsufa ta fara tun ba ta yi nisa ba. Ya ce akwai ta a Kano. A nan na yi dabarar da na ɗauka ta manyan mutane ce. Na ce ni kaina ba na kowa ba ne, in dai za a leƙa shi, to sai a ƙasar waje, kuma in hoto ya fito fes a mayar mini da makullina a gaban shaidu. Lissafina shi ne Sule zai ji tsada ya bar maganar. Ban san ya je ya haɗa kai da ƙannensa mata ba. Bayan 'yan watanni sai ga shi da fasfo da tikiti. Ramin da na haƙa da hannuna, na shiga da ƙafata.

Abin da ba wanda ya sani shi ne ina da makulli na biyu. Kowane direban kirki yana da shi. Na kai wa baduku ya ɗinke mini shi a cikin fata kamar laya, na ɗaura a ƙugu. Ba wai zan tuƙa motar a ɓoye ba, ko kuma dai in ce ban yanke shawara ba tukuna. Jin sa a jikina kawai ya ishe ni in san har yanzu ni ne Ba-Ribas.

Batun jirgi ba zan ɓata muku lokaci da shi ba. Mota ce da ba a ganin direbanta, ni kuwa ban yarda da irin wannan ba.

A Alƙahira wanda ya tarbe mu shi ne Modu, wani Babarbare da ya je karatu tun yana saurayi, karatu ya ƙare shi bai ƙare ba. Yanzu aikinsa tarbar majinyata daga gida: ya nema musu masauki, ya kai su asibiti, ya yi musu tafinta. Mutum ne mai tumbi da turare, mai kiran kowa da "Ba'ana". Ya rungume ni kamar tare muka yi yaye, ya sa mu a tasi. Muna cikin tafiya na ga mun wuce wani masallaci mai koriyar hasumiya. Can an jima muka sake wuce shi. Na ce, "Modu, wannan direban zagaye yake da mu. Ga masallacin ɗazu."

Ya yi dariya, ya juya wajen Sule, ba wajena ba. "Ka ga irin abin da nake gaya maka a waya. Haka yake fara musu. Masallatan nan duk kamarsu ɗaya, Ba'ana."

Sule ya dafa gwiwata ya ce, "Baba, ka huta."

Na mayar da idona kan titi. A cikin tasin nan na koyi darasin farko na tafiyar: daga ranar da aka ce kana mantuwa, ko gaskiya ka gani ba taka ba ce. Abin da ya fi ciwo kuma, kafin mu isa masauki ni kaina na fara tantama ko na ga masallacin.

Masaukin wani dogon bene ne da majinyatan Najeriya suke haya. Ɗakinmu yana can sama, tagarsa tana kallon bangon wani benen. Asibiti suka duba jinina, suka ce hoto da ganin babban likita sai an jira layi. Layin ya yi ta ja har hutun da aka ba Sule a wurin aiki ya ƙare, ogansa ya fara kira. Ya zauna a bakin gado yana murza hula ya ce, "Baba, zan je in dawo. Modu zai kula da kai."

Na ce, "Tafi abinka. Ni da na kwana a dajin Lokoja da shanu da fasasshiyar taya, bene ne zai gagare ni?"

Ya tafi. Bene kuwa ya gagare ni.

Ban taɓa sanin gaisuwa abinci ce ba sai a garin nan. A Potiskum daga gidana zuwa masallaci taku kaɗan ne, amma sai in yi rabin hantsi ban isa ba: wannan ya tambayi gajiya, wancan ya tambayi iyali, mai shago ya tsokane ni da cewa tsufa ya zo, in ce masa ubansa ne tsoho. A Alƙahira mutane sun fi ƙudan kasuwar shanu yawa, amma ba wanda ya san in na kwana. A masallacin unguwar, bayan an sallame, nakan miƙa wa na kusa da ni hannu. Zai karɓa, ya yi murmushi, ya saki, ya nemi takalminsa. Larabcin da nake taƙama da shi, na allo, da na gwada shi a wajen mai burodi sai ya dube ni da girmamawa kamar na ja masa aya, ya ce amin, bai ba ni burodin ba.

Abincinsu wake ne da safe, wake da rana, da dare kuma a canza masa kwano. Hajiya ta ƙullo mini yaji a leda, shi nake barbaɗawa a komai. Da ya kusa ƙarewa na daina ci, na koma shinshinawa. Da yamma nakan sauka in tsaya a bakin titi ina duba aikin direbobinsu. Da hon suke tuƙi, ba da ido ba. Nakan gyara musu a zuciyata, ƙafata tana taka birki a kan daɓe, hannuna yana kan layar ƙuguna. Nisa da benen kuwa ban taɓa yi ba. Na ce wa kaina ba abin kallo ne a garin. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji in juya in kasa gane ƙofar.

In Hajiya ta kira, magana ba ta wuce uku. "Ka ci abinci? Ka sha maganin hawan jinin? To, Allah ya ƙara sauƙi." Sai ta yi shiru ba ta kashe ba, ni ma ban kashe ba, ina jin kukan tumakina a bayanta da muryar mai tallan awara, har katin ya ƙare.

Modu kan leƙo in ya ga dama. Wata rana ya ce in shirya da sassafe zai zo mu je a auna ni. Na yi wanka, na sa babbar riga, na zauna a bakin gado har azahar. Bai zo ba. Da Sule ya kira shi sai ya ce ai ya zo ya buga ƙofa, Baba ya manta ya fita yawo. Sule ya kira ni muryarsa a sanyaye, "Baba, don Allah ka riƙa zama wuri ɗaya." Ban yi musu ba. Da wane baki?

Shi Modun ne kuma ya kawo mini hajar da na saya. Ya rufe ƙofa, ya rage murya ya ce, "Ba'ana, hoto ba shi kaɗai ba ne. Likitan zai yi maka jarrabawa. Zai faɗi kalmomi uku, ya ɗauke maka hankali da wata hira, sannan ya ce ka maimaita. A nan tsofaffi suke faɗuwa. Ni kuwa na raka mutane da yawa, na san kalmomin."

Na ce, "Kullum su ne?"

"Kullum. Likita ne, ba mawaƙi ba."

Ya ce ba don kuɗi yake yi ba, amma idonsa yana kan agogon hannuna, wanda wani maigidana ya ba ni shekarar da na kai masa shanu Legas ba ko ɗaya da ta kwanta. Na kwance na ba shi. Ya ce: lemo, kujera, jirgi. Ya ƙara da cewa ita kuma na'urar, abin da ke cikin kai take ɗauka, saboda haka kada in shiga da kai fanko. Daga ranar na samu aikin yi. Ina alwala, lemo, kujera, jirgi. Ina cin wake, lemo, kujera, jirgi. Ko sunayen 'ya'yana ban taɓa yi wa irin wannan tilawa ba.

Ana haka wata safiya lif ɗin benen ya tsaya, na biyo matakala, sai na ji Hausa. Wata mata ce take cewa, "Ɗaga ƙafa, Baba. Saura ɗaya. Yauwa." Na tsaya kamar an kira sunana. Dattijuwa ce da ɗaurin ɗankwali irin na mutanen Jos, tana riƙe da hannun wani dogon tsoho mai tsabta, an sa masa kwat da hula. Na yi sallama, ta amsa, muka gaisa irin gaisuwar gida, mai tsawo, har da tambayar ruwan bana. Sunanta Madam Rifkatu, mijin kuma Mista Bitrus. Da ta ji daga inda nake sai ta riƙe baki. Ashe mijin ya yi aikin malamin gona a Potiskum shekaru masu yawa, a can ta haifi 'ya'yanta biyu, tana da shagon ɗinki a bayan tasha.

Ta ce masa, "Baba, ga mutumin Potiskum."

Tsohon ya dube ni, fuskarsa ta washe. "Potiskum. Ya kasuwa? Ya shanu? An yi ruwa a Fika?"

Na ce, "An yi, ranka ya daɗe."

Ya juya ya dubi matarsa da ladabi ya ce, "Madam, ke ma 'yar can ce?"

Ta ce, "E, ni ma 'yar can ce." Ta gyara masa wuyan kwat, suka ci gaba da sauka.

Tun daga ranar nake cin tuwo. Garin masara ta zo da shi daga gida, da kuka da daddawa, takan aiko mini ko in je in ci tare da Mista Bitrus. Kullum sai ya tambaye ni ko an yi ruwa a Fika, kullum sai in ce an yi. Ban taɓa gajiya da amsawa ba, amma in na koma ɗakina nakan daɗe zaune ban cire takalmi ba. Sai in tashi in kama lemo, kujera, jirgi da ƙarfi.

Ranar hoto Modu ya ɓace, wayarsa a kashe. Madam ta bar mijinta wajen wata maƙwabciya, ta ce ita za ta raka ni, ta san asibitin kamar kicin ɗinta, kuma tana jin Turanci.

Aka ba ni wata riga marar wuya mai ɗauri ta baya, irin wadda ko a mafarki ban so mutanen tasha su gan ni a ciki ba. Ma'aikacin ya ce a cire duk wani ƙarfe, domin na'urar maganaɗisu ce mai ƙarfin gaske, tana fizgar ƙarfe daga nesa. Na cire zobe. Ya zagaya jikina da wata 'yar sanda, da ta zo ƙuguna sai ta yi ƙara. Na ce wa Madam ta gaya masa laya ce, ta gado, ba a cire ta. Ya ce ko ta wane ne sai an cire. Na kwance ina gunaguni. Madam ta karɓa, ta latsa fatar da yatsa, ta dube ni ta saman tabarau.

"Alhaji, wace irin laya ce mai haƙora?"

Na ce, "Ta tsarin hanya ce."

"Na gani. Irin wadda ake murɗawa mota ta tashi." Ta jefa a jakarta. "Shiga, ina nan."

Na'urar kamar tankin mai take, an kwantar da shi, an huda tsakiya. Aka kwantar da ni a wani siririn gado, aka toshe mini kunne, aka kifa mini wani abu kamar kwando a fuska, aka ba ni 'yar roba a hannu wai in matsa in na ji tsoro. Gado ya zarce da ni ciki. Sai ƙara ta tashi, gaf-gaf-gaf, kamar injin da ya sha baƙin mai ya ƙone. Na tuna maganar Modu, kada in shiga da kai fanko. Na ce to, yau Masarawa za su ga kai. Na tayar da mota daga kasuwar shanu. Na bi Kari, na wuce Darazo, na sha mai a Bauchi, na hau tudun Jos da giya lamba ɗaya, na gangara Akwanga ina taka birki a hankali saboda shanu. Kowane gari na faɗi sunansa, kowace kwana na karya ta. Ina gab da gadar Lokoja aka kashe na'ura, aka jawo ni waje.

Ma'aikacin yana magana yana nuna kaina. Madam ta leƙo daga ƙofa tana danne dariya. "Alhaji, wai me kake yi a ciki? Ya ce bakinka yana motsi, kanka yana juyawa, har ƙafarka tana harbi. Hoton duk ya dagule."

"Legas nake zuwa. Ina nuna musu abin da ke ciki."

Ta fassara. Ma'aikacin ya yi dariya har ya dafa bango. Ta ce, "Ya ce na'urar ba ta ganin tunani. Naman kawai take ɗauka, kamar yadda mahauci yake duba hanta. Ko Makka ka je a ciki ba ta sani ba. Ka kwanta kamar gawa, shi ke nan aikinka."

Aka mayar da ni. Wannan karon ba Legas, ba lemo. Daga ni sai ƙarar nan da farin rufi a kan hancina. Ban taɓa zama ni kaɗai irin na wannan lokaci ba. Da na rasa abin yi sai na ce bari in gwada 'yar gajeriyar, ba don kowa ba. Na fito daga gidan ta'aziyya a Mamudo. Na ga bishiyar da na ajiye mota. Na iso bakin titi. A nan na tsaya. Na san amsar, yamma ce, an gaya mini, na kuma sani tun ina yaro. Amma ranar nan ɗin, abin da ya faru tsakanin bakin titi da masu rake na Damagum, na lalube shi ko'ina babu, kamar an yanke da almakashi. Hawaye ya gangaro ya shige mini kunne. An ce kada in motsa, ban share ba.

Bayan kwana biyu muka ga babban likitan, wani dattijo mai sanƙo. Ya tambaye ni garin da muke, na faɗa. Ya tambayi wata da rana, na duba hannuna, babu agogo, na yi 'yan kame-kame. Sannan ya ce zai faɗi kalmomi uku in riƙe. Madam ta fassara su ɗaya bayan ɗaya, na maimaita. Ko ɗaya babu lemo a ciki. Na ce a raina wataƙila ya ɓoye su sai anjima. Ya sa ni zana fuskar agogo, ya sa ni lissafi da baya-baya. Can ya ce, to, kalmomin nan fa?

Na gyara zama na ce, "Lemo, kujera, jirgi."

Madam ta dube ni. "Alhaji, ba su ya faɗa ba."

"Su ne na gaskiyar. Na saya."

Sai da na ba da labarin agogo. Likitan bai yi dariya ba, na kuma so a ce ya yi. Ya ce to ban da na saye, nasa fa? Na nema. Ɗazu-ɗazu suna bakina. Na samo ɗaya da ƙyar, sauran biyun sun bi hanyar Damagum.

Ya kunna allo ya nuna mini kaina. Ban taɓa zaton haka yake ba, kamar an raba gyaɗa biyu. Ya nuna wani ɗan wuri a kowane gefe, ya ce nan ne sabon abu yake fara sauka kafin a kai shi ma'aji, kuma nawa ya ɗan motse fiye da na sa'o'ina. Ya nuna wasu fararen ɗigo-ɗigo, ya ce wannan aikin hawan jini ne a ƙananan jijiyoyi. Na ce a tambaye shi yaya aka yi na san hanyar Legas kwana-kwana. Ya ce tsohon kaya yana can cikin sito lafiya, ƙofar shigar da sabo ce ta fara ƙunci. Ya ce hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci, shi ya sa ya haɗa da tambayoyi da gwajin jini, kuma abin yana farkonsa. Wasu sukan daɗe a haka, wasu ya ci gaba, shi ba zai yi mini alkawarin da ba nasa ba. In riƙe maganin hawan jini, in riƙa tafiya da ƙafa, in zauna cikin mutane, a sake dubawa nan gaba.

Na ce, "Mota fa?"

Ya ce da mahaifinsa ne ni, da ya roƙe ni in ajiye.

Muka hau tasi muka koma masauki. Da muka isa, Madam ta zuba mini tuwo, ta fito da layata ta ajiye a gefen kwano. Mista Bitrus yana zaune yana ninke wani ƙyalle yana warwarewa. Ta ce, "Shi ma ya ɓoye nasa makullin. A cikin safa."

Na ɗago kai.

"Na sani na ƙyale shi, don kada ransa ya ɓaci. Ran nan ya ɗauki jikarmu zai kai ta makaranta, ya tsaya shan mai, ta sauka sayen biskit, ya ja mota ya tafi. Sai yamma aka samo ta, Allah ya sa mai gidan man mutumin kirki ne. Ranar na karɓe makullin. Ya yi wata da watanni ba ya yi mini magana." Ta goge wa mijin baki da gefen zaninta. "Yanzu da zan samu fushin nan ya dawo, da na yi godiya. Mai fushi da kai ai ya san ko kai wane ne."

Mista Bitrus ya dube ni ya ce, "An yi ruwa a Fika?"

Na ce, "An yi, ranka ya daɗe." Tuwon nan ban iya gama shi ba.

Sule ya dawo ya ɗauke ni. Modu ya bayyana ranar tafiya da agogona a hannunsa, yana ta addu'ar Allah ya kai mu lafiya. A hanyar filin jirgi na ga masallacin mai koriyar hasumiya, sau ɗaya tak, na nuna wa Sule na ce ya riƙe mini shi, tunda ni an ce ba na riƙo. Madam da mijinta na baro su a bakin benen, tana riƙe da hannunsa tana ɗaga mini shi.

Na iso Potiskum na yi kwana biyu ina amsa barka da dawowa. 'Yan tasha suka zo, na ba su labari yadda ya kamata a ba 'yan tasha: cewa na'urar Masar sai da ta tsaya da aiki saboda yawan abin da ta tarar a kaina. Da kowa ya watse, bayan la'asar, na samu Hajiya a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na kwance layar, na farke ɗinkin da reza a gabanta, na ajiye makullin a kan faifanta. Na jira ta yi mamaki. Ta ɗauke shi ta sa a gefe kamar tsakuwa ta tsinta, ta ci gaba da aikinta. Ashe ita ta biya badukun ragowar kuɗin ɗinkinsa, na manta ban cika masa ba.

Abin ya ɗan sosa mini rai, ga shi na yi abin kirki ba a yaba ba. Na gyara murya na ce, "Ki dai sani ba don na kasa ba ne. Likita da bakinsa ya ce tsohon kaya yana nan lafiya. A cikin na'urar nan, kwance, ido rufe, na tashi daga kasuwar shanu har gadar Lokoja ban ɓata kwana ɗaya ba. Da ba su kashe ba, da na shiga Legas."

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Alhaji, ni ba a Legas na zauna jiranka ba. A bakin zaure na zauna."

Na buɗe baki. Tumaki suna kuka a bayan gida, na so in tambaya ko an ba su ruwa, sai na rufe.